Birkin Hannun Dama

Yayyafi ake yi ranar da ta fara tsayawa a bakin rumfarsa. Tana ture da keke, cen ɗin ya zame yana jan ƙasa, hannayenta duka biyu sun yi baƙi ƙirin. Malamar firamare ce, ga littattafan yara nan ɗaure a kariya da roba. Shi kuwa mai gyaran keke ne, Sifana ake ce masa a duk layin, wai ko wanka zai shiga da sifana a aljihunsa.

"Sannu Malama. Ke da keken, wa ya ka da wani?"

"Ni gyara na zo, ba hira ba."

Ya tsuguna ya shafa cen ɗin, ya kai yatsa hanci, sai ya ɗago yana kallonta.

"Man girki kike zuba masa?"

"Mai ai mai ne."

"A tukunya ba. A nan ƙasa yake kwasa, ya daskare, ya cinye miki haƙoran keken, na gaba da na baya."

Ya wanke cen ɗin da kananzir da tsohon burushin goge baki, ya bi shi gaɓa gaɓa da ɗigon mai, sannan ya goge da tsumma. Ya ce man da ya shige ciki shi ke aiki, na waje datti kawai yake tarawa. Ya danna tayar baya da babban yatsa, ta lotsa.

"Shi ya sa ba kya rabuwa da faci. Duk Asabar ki duba iska. Ko da yake na ga alamar mantuwa gare ki, kawo lambarki in riƙa tuna miki."

Ta harare shi, amma ta bayar.

Ranar Asabar da hantsi wayarta ta yi ƙara.

"Malama, yau Asabar. A danna taya. In ta lotsa a ba ta iska. In kuma zuciya ce ta lotsa, a zo rumfa."

Sai bayan azahar ta amsa.

"Taya lafiyarta ƙalau. Zuciyar ce ban duba ba tukuna."

Kafin damina ta yi nisa ta koma ce masa Injiniyana, shi kuma Hasken rumfata. Ta koyi yin faci da kanta, ta koyi gane robar birki in ta cinye tun kafin ƙarfe ya fara kuka a jikin rim. Ya ɗaga mata sirdi daidai tsawon ƙafarta, ciwon gwiwar da ta yi shekara tana fama da shi ya tafi. Wata rana yana ɗaure mata ƙararrawa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ina so in turo a gaida Baba."

A nan farin cikin ya tsaya.

Baba tsohon mai rabon wasiƙu ne, shekara talatin ya yi a kan keke guda, wani baƙin keke dogo da ko ƙurar jikinsa ba ya yarda wani ya kaɗe masa. Da Mama ta kai masa maganar, ko kofin shayinsa bai ajiye ba.

"Mai faci? Ni za a gaya wa abin da keke ke ciyarwa? A kan sirdi na tsufa. Ga ɗan goggonta nan da kantin magani da mota, shekara biyu yana bin ta."

"Baba, ba na son sa," in ji 'yarsa daga bakin ƙofa.

"Ban tambaye ki ba."

Sati uku ba ta cin abincin kirki. Sai dabara ta zo mata. Baba zai yi tafiyar kwana biyu a mota don duba ƙaninsa, keken zai kwana a gida. Ta rubuta:

"Injiniyana, Baba ba ya jin magana, amma yana jin keke. Gobe zan kawo maka nasa a ɓoye. Ka yi masa gyaran da in ya hau zai tambayi hannun wa ya taɓa shi."

Wuni guda Sifana bai karɓi aikin kowa ba. Ya kwance ƙafafun, ya wanke boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ya cika su da sabon giris, ya bi sifoki, siraran ƙarafan cikin taya, ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa. Ya sa sabuwar robar birki gaba da baya. Da ya zo canza wayoyin birki ne ya tsaya, ya yi tsaki.

"Wane ɗan koyo ne ya yi wannan aika-aikar? Duk keken da ke shigowa rumfar nan birkin baya a hagu yake, na gaba a dama. Na Baba an juya su."

"Ni tun ina yarinya haka na gan shi."

"To shekara da shekaru yana hawa a karkace. Bari in mayar masa daidai."

Ya mayar, ya ɗaure su tam, taɓawa kaɗan taya ta kame. Ta tura keken gida tana murmushi, ta jingine shi daidai inda yake zama. Zancen wayoyin ko tunawa da shi ba ta ƙara yi ba.

Litinin da safe Baba ya fito da keken. Ya ga yana sheƙi, ya kalli Mama, ya kalli 'yarsa, ya gyaɗa kai, ya hau. A gangaren da ke sauka kasuwa wata mota ta fito da baya ba zato. Baba ya damƙe hannun dama da duk ƙarfinsa, yadda ya saba shekara talatin. Tayar gaba ta kame cak, keken ya miƙe, ya wurga shi kan kwalta.

Ƙugu ya karye, da ƙashin kafaɗa. Likita ya ja Mama gefe ya ce zai tashi, zai yi tafiya da sanda, amma keke kam sai dai kallo.

Da Baba ya farfaɗo, maganarsa ta farko ita ce, "Wa ya taɓa mini birki?"

'Yarsa ta durƙusa a gefen gadon tana kuka, ta faɗi duk yadda aka yi. Ɗan goggo na tsaye da makullin mota a hannu.

"Kawu, ai ba sai an yi dogon bincike ba. An hana shi yarinya, ya rama."

A barandar asibitin ta rubuta wa Sifana:

"Birkin da ka juya ya ka da Baba. Likita ya ce ba zai ƙara hawa keke ba har abada. Kada ka kira ni."

Bai kira ba, zuwa ya yi, da kayan aiki a jikinsa da baƙin mai a farce. Ya tsuguna a ƙasan gadon.

"Baba, ni ne. Ita ba ta san komai a kan birki ba. Na ga abin da ban gane ba, maimakon in tambaya sai na kama gyara. Ba da mugunta na yi ba, amma hannuna ne."

Baba ya juya fuskarsa bango. Ɗan goggo ya kama Sifana a wuyan riga ya fitar da shi, ita kuwa ta sunkuyar da kai, ba ta hana shi ba.

Wata biyu suka wuce haka. Kekenta ya koma bayan ɗaki, tayoyin suka sace, cen ya yi tsatsa. Kullum da safe motar ɗan goggo ke kai ta asibiti, kuma dole ta gaban rumfar ake bi. Sifana yakan sunkuya a kan aikinsa har motar ta wuce. Ya rame, ya daina wasa da kowa. In an kawo masa gyaran birki sai ya ce a kai gaba. Mai shayin da ke kusa da shi ne ya kawo masa labari, wai an gama magana, wata mai zuwa za a ɗaura mata aure da mai kantin magani.

Saƙon Sifana ya same ta tana wanke kwanonin Baba.

"Na ji labari. Allah ya sanya alheri, ya ba Baba lafiya. Ƙarshen wata zan rufe rumfa in bar garin. Ki yafe mini, Hasken rumfata."

Babu wata maganar da aka gama, ɗan goggo ne ke yaɗawa. Amma ita sai ta ɗauka hanyar zamewa Sifana ya samu. Ta kifa kai a kan gwiwa, ba ta amsa ba.

Da aka sallamo Baba, kujera aka sa masa a tsakar gida. Nan yake wuni, ba rediyo, ba hira, idonsa a kan baƙin keken da ke jingine da bango, tayar gaba ta lanƙwashe. Rannan sai ga ɗan goggo ya shigo da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa.

"Kawu, na kawo wanda zai ɗauke mana wannan tarkacen. Ganinsa ma ƙara maka ciwo yake. Duk inda za ka ai ga mota."

Baba ya ɗaga sandarsa.

"Da wannan tarkacen na kai uwarka asibiti ranar da za ta haife ka. Fita. Kai da shi, ku fita!"

Bayan sun fita Baba ya ce wa 'yarsa, "Ke, ɗebo mini ruwa. Sa mini a hannun hagu."

Ta sa masa. Kofin ya zame ya faɗi, ruwan ya malale a siminti.

"Kin gani? Shekarata biyu da fara aiki ƙofar mota ta datse mini shi. Yatsu uku ba sa damƙa. Da ofis sun sani da sun sallame ni, ke kuma lokacin kina goye. Sai na juya birkin da kaina, na kai na baya hannun da ke da ƙarfi, na gaba kuwa ban cika taɓa shi ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarki."

Mama na tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ka ji shi. Wa ke sa maka maɓallin hannun riga na dama duk shekarun nan?"

Baba ya kalle ta, sannan ya juya ga 'yarsa.

"Yaron nan ya yi kuskure, bai tambaya ba. Amma da ya tambaye ki, me za ki ce masa?"

"Ban sani ba zan ce, Baba."

"To. Wata biyu ina kallon bango ina neman wanda zan ɗora wa duka laifin. Shi kaɗai ne ya zo ya ɗauki nasa, bai rage ba. Ki ce masa ya zo da kayan aikinsa."

Ta shige ɗaki, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar.

"Injiniyana, ba a gama magana da kowa ba, ba kuma za a gama ba. Na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana, ka yafe mini. Baba ya ce ka zo gobe da safe da kayan aikinka. Don Allah kada ka tafi."

Sifana ya riga ya kwashe rabin rumfar a buhuna. Ya kwance buhu ɗaya.

Washegari a tsakar gidan ya kifa keken a gaban kujerar Baba. Rim ɗin gaba ya wuce gyara, ya zo da wani, ya ɗinka masa sifoki sababbi yana juya taya yana duba inda take rawa. Baba na ta nuni da sanda.

"Wancan ya yi sako-sako. A'a, na kusa da shi. Kai, wa ya koya maka aiki?"

"Har yanzu koyo nake, Baba."

Da ya zo kan wayoyin birki sai ya tsaya, ya riƙe su biyu a hannu.

"Baba, wanne zan kai dama?"

"Ka san dai ba zan ƙara hawa ba."

"Na sani. Amma kekenka ne."

Baba ya ce, "Na baya."

Da ya gama ya miƙar da keken, ya matso da shi kusa da kujerar, ya ɗaga bayan ya murza feda. Tayar na ta juyawa. Baba ya miƙa hannun dama ya matsa birki, ta tsaya. Ya saki, ya ce a sake murzawa. Sau uku ya yi haka, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ita tana bayan labule ta toshe baki da mayafi.

"Ka turo manyanka," Baba ya ce. "Kuma ka wanke hannun nan kafin ku zo."

Bayan ɗaukewar ruwa aka ɗaura auren, ba wani taro mai yawa. Goggo ba ta zo ba. Baba ya halarta da sanda, mutum biyu na riƙe da shi, ya kasa zama mai tsawo saboda ƙugun, amma bai yarda an mai da shi gida ba sai da aka gama addu'a.

Sati guda bayan nan amarya da ango suka zo gaisuwa, kowa a kan kekensa. Da za su tafi Baba ya dage sai ya raka su ƙofar gida. Ya sa kowannensu ya matsa birki a gabansa, gaba da baya, kafin ya bari su hau.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙuri da juna, ya tsare ku a hanya."

"Amin, Baba."

Suka ɗau hanya a jere, mayafinta na kaɗawa. Mama ta taɓa kafaɗarsa.

"Shigo ciki, ƙafar nan za ta hana ka sakat."

"Bari tukuna."

Ya dogara da sandar, ya bi su da ido har bakin gangaren, ya ga sun rage gudu, sun sauka a hankali, sun sha kwana. Sai a lokacin ya saki numfashi.

"Allah ya raya," ya ce a hankali, ya miƙa wa Mama hannun hagu ta riƙe shi suka shiga.