Ƙishirwar Kajin Amatullah

Abbo yana bakin murhu yana shan kunun gyaɗa Dada Fanta ta shigo, ta jefar da mayafi a kan tabarma. Daga unguwar Kachalla Sembe take, ta je ganin Amatullah, yarinyar da ɗanta Abbo yake so, mai kiwon kajin ƙwai.

"An fasa auren!" in ji ta. "Rana tsaka, kaji suna haki, ta kife mazuban ruwa tana zaune tana kallon agogo! Wadda ta hana kaza ruwa, ni za ta ba idan na kwanta ciwo?"

"Dada, rigakafi ne fa..."

"Rufe min baki!"

Ya rufe. Tun rasuwar Baffa, mahaifinsa, ba ya iya musu da ita. Da ya gaya wa Amatullah a waya, sai ta ce:

"Ba komai, Yaya Abbo. Uwa ce. Mu jira."

Wata biyu suna jira, sai annobar kaji ta shigo unguwarsu Turaki. Na maƙwabta suka fara murɗe wuya suna zubewa. Dada tana da goma sha biyu, waɗanda Baffa ya bari, kullum takan kira su da irin fiton da yake musu. Ranar da biyu suka mutu ko abinci ba ta taɓa ba.

Da sassafe aka yi sallama. Amatullah ce, rungume da filas cike da ƙanƙara, da maganin rigakafi a ciki.

"Dada, ku yi haƙuri na zo ba a kira ni ba. Maganin ba ya son zafi, shi ya sa na yi sammako."

Ta ware guda uku masu gyangyaɗi, ta ce rigakafi na masu lafiya ne. Sannan ta sunkuyar da kai.

"Sai an ɗauke musu ruwa awa biyu. In ba su ji ƙishi ba, wata ta sha wata ta ƙi, maganin ya mutu a kwano."

Dada da hannunta ta kife kwanon. Kaji suna haki, ita tana share hawaye. Da ta waiwaya sai ta ga idon yarinyar ma ya cika.

"Ke ma kuka kike?"

"Kullum sai na yi, Dada."

Aka dama maganin da ruwan rijiya, ba na famfo ba, don sinadarin ruwan famfo yana kashe shi. Bakwai ɗin suka yi caa, suka shanye tas.

Ukun sun tafi, bakwai suka rayu. Bayan sati uku Dada ta ɗauki ƙwan farko da jar kazar Baffa ta saka, da ɗuminsa, ta ɗora a tafin Abbo.

"Kai wa 'yata. Ka ce kawunnanka suna tafe Jumma'a."

Abbo ya fita da ƙwan a ƙirji, yana cewa ina ma Baffa na nan.

Jama'a, kada ganin awa ɗaya ya sa ku yanke wa mutum hukunci. Wani hanin tausayi ne, mai haƙuri kuma ba ya taɓewa.