Manomin da Ya Ji Tausayin Wake

A wani zamani, a wani ƙauye, an yi wani manomi mai tausayi ƙwarai, musamman idan tausayin ba ya buƙatar a sunkuya.

Ya shuka wake a tsakanin geronsa, kamar kowa. Da gero ya nuna, maƙwabta suka girbe nasu, suka kwantar da kara don rana ta samu wake. Shi kuwa zangarniya kawai ya yanke, ya bar kara a tsaye.

Matarsa, wadda da ƙosanta gidan ke cin abinci da rani, ta ce, "Maigida, kwantar da karan nan mana. Da hasken rana ganye ke yi wa wake abinci."

Ya ce, "Haba, rana da zafi. Bar shi ya huta."

Da wake ya fara fure ta sake magana. Ya ce, "Rana da zafi. Bar shi ya huta." Shi ma ya zauna a inuwar yana taya shi.

Wake ya huta sosai. Ya sirance, ya ɗashe, ya yi ta hawa kara yana neman haske, fure ya zube. Ran roro maƙwabta suka zo da jakuna. Shi ƙwarya ɗaya ta ishe shi, har da sarari.

Washegari matar ta soya ƙosai. Ya ci, ya suɗe yatsu, ya ce, "Kai, madalla! Gobe ma a ƙara."

Ta ce, "Maigida, na bana ke nan ka cinye."