Ranar da Kwale-kwale Ya Sa Hula

A can wani zamani, an yi wani tsoho mai kwale-kwale da yake ƙetarar da mutane kogi. Duk ranar kasuwa, wata yarinya takan shiga jirginsa tare da kakarta mai sayar da daddawa. Yarinyar nan bakinta ba ya hutawa.

"Baba, kifi ba ya jin sanyi?"

Sai tsoho ya ce, "To, bari ki ji," ya ba ta amsa.

"Baba, a ina kogi yake kwana?"

"To, bari ki ji."

Wata rana jirgi ya cika maƙil, ga rana tana dukan kai, ga tsoho ya gaji. Yarinya ta yi ta jero tambayoyi, har kakarta ta ce, "Ke, rufe mana baki!"

Amma da suka kai tsakiyar kogi, yarinya ta ce a hankali, "Baba..."

Mutane suka ja tsaki. Tsoho ma tsawa ta zo masa har maƙogwaro, amma ya haɗiye.

"Ina jin ki, jikata."

"Me ya sa jirginka yake shan ruwa ta ƙarƙashin buhun nan? Ƙishirwa yake ji?"

Tsoho ya ɗaga buhu. Ashe tsumman da ya toshe wata tsaga da shi ne ya fita! Nan take ya cusa hularsa a wurin, mutane suka hau kwashe ruwa da ƙoƙo.

Da suka isa gaɓa lafiya, yarinya ta ce, "Baba, ashe jirgi ma yana sa hula?"

Sai kowa, har da kakarta, ya amsa, "To, bari ki ji!"