Dutsen Niƙan Gindin Ɓaure

Rana ta uku da saukarsu, magariba ta same su a tsakar gida ana kwashe tuwo. Ɗan gida ne mai ɗaki biyu a bakin mayo, wato rafi, can wajen Sorau, wanda Mu'awiya ya kama don iyalinsa su huta da hayaniyar Mubi kafin a koma makaranta. Shi ya sauke su ya koma shago. Ya bar mahaifiyarsa Dada Fanna, da matarsa Juwairiya, da 'yarsu Sumayyat mai shekara goma sha huɗu.

Sai aka fara jifa. Dutsen farko a kan rufin kwano ya faɗo. Na biyu ya kifar da butar alwala. Babu iska, kwaɗin mayo ma sun yi tsit. Sai daga bayan ɗakin girki aka fara jin niƙa, a hankali, irin na macen da ta saba da aikin.

Dada Fanna ta ajiye mara. Ta san abin da ke bayan ɗakin nan.

Ranar da suka iso babu wuta, injin markaɗen da Juwairiya ta kwaso ya zama kayan ado. Dada kuwa ba ta zaman jira. Ta gangara mayo, ta ga wani faffaɗan dutse a gindin ɓaure, tsakiyarsa ta lotsa, sumul. Elizabet, matar da ke riƙe da makullin gidan, tana wanki a gefe.

"Mama, wurin nan ba a ɗaukan komai, ko itace. Yana da mai shi."

Dada ta ce tun ba a haifi uwar Elizabet ba take girki. Amma sai da ta jira matar ta kwashe wankinta ta tafi, sannan ta ɗauko, ta ajiye shi a bayan ɗakin girki.

Washegarin jifan, da la'asar, Sumayyat ta zube. Da ta tashi sai ta durƙusa tana niƙa a kan ƙasa, babu dutse babu hatsi, gaba da baya, har fatar yatsunta ta saluɓe. Matan maƙwabta suka cika gida. A gabansu Dada ta juya kan surukarta.

"Ke kika bar ta tana yawo bakin ruwa, kai ba ɗankwali, wai hoto. Ga hoton nan."

Juwairiya ba ta ɗaga kai ba. Dada ta sa aka kira mata ɗanta a waya, ta maimaita masa haka. Maganar tana fita tana jin ɗacinta a baki, amma ta riga ta fita. Kwana biyu yarinya tana niƙa, Dada tana zaune a kan buzu, ba ta iya kallon hannuwan nan.

Elizabet ce ta kawo wani malami, Modibbo Hammanjoda. Tsoho ne siriri, marar yawan magana. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta karatu har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Can hannun Sumayyat ya tsaya.

"Wace ce ke?" in ji Modibbo.

"Maƙwabciya." Muryar tsohuwa ce, a shaƙe.

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba komai. Hannunta na ara, tunda an ɗauke min dutse. Kwana shida jikokina ba su sha kunu ba. Barkono aka niƙa a kai, ina jin yajinsa daga nan."

"Wa ya ɗauka?"

"Ta san kanta. Ga ta can tana jan carbi."

Ba wanda ya waiwaya, amma Dada ta ji gidan duka yana kallonta. Carbin ya yi mata nauyi.

"Ni ce," ta ce. "An hana ni, na ɗauka."

Muryar ta nemi farin zakara. Modibbo ya ce jini ba za ta samu ba, ko na tsako, abin da aka ɗauka dai shi za a mayar. Sai muryar ta ce:

"To wadda ta ɗauka ta wanke shi, ta mayar. A kanta, da rana tsaka."

Modibbo ya sa ta rantse ba za ta dawo ba. Sumayyat ta yi atishawa, ta kife.

Da hantsi Dada ta wanke dutsen sau uku, ta naɗa gammo ta ɗora. Matan ƙauye suna bakin mayo. Da ma sun yi dariya, da ta san abin da za ta ce musu. Sai suka sunkuyar da kai kan wankinsu, suka bar ta ta wuce. A gindin ɓaure ta yi sallama, ta sauke, ta ce a yi haƙuri.

Ta dawo ta tarar da yarinyar tana barci, Juwairiya tana shafa mata man kaɗanya a yatsu. Ta daɗe a tsaye.

"Juwairiya. Ba ke ba ce."

"Na sani, Dada. Ina shanya lokacin da kika shigo da dutsen."

"Kika yi shiru?"

"Sau biyu na je in mayar da shi ba tare da kin sani ba. Ya ƙi ɗaguwa."

Dada ta dubi ƙasa, ta dubi hannun jikarta.

"Kira min Mu'awiya," ta ce. "Kuma kada ki fita. Ki tsaya ki ji."