Itatuwan Auta da Ƙirjin Mai Taga

Atishawarsa Auta ta fara ji kafin ta ga fuskarsa. Tana durƙushe a ɗakin saman bene tana goge ganyen wata fikus da tsumma mai laima, sai aka yi atishawa a bakin ƙofa, aka kuma. Ta ɗago kai. Wani dogon saurayi ne tsaye, tef ɗin awo a hannu, fensir a bayan kunne.

"Sannu da aiki. Ni ne mai gilashin da Baba ya kira. An ce taga za a faɗaɗa."

"Yauwa, shigo. Amma ka bi a hankali."

Ya shigo yana waige-waige kamar wanda ya faɗo daji. Auta ita ce ƙarama a gidansu. Aikin gona ta karanta, da ta gama kuma ba ta bi layin neman aikin ofis ba, sai ta roƙi Baba ɗakin sama da yayyenta suka bari bayan sun yi aure. A nan take rainon fikus, dangin cediya, irin wadda ake ajiyewa a tukunya cikin ɗaki. Akwai mai ƙananan ganye masu sunkuyowa, akwai mai faffaɗan ganye da ke sheƙi kamar an shafa masa mai. Bankuna da otal-otal a wurinta suke saye, ita kuma take zagayawa tana duba musu. Ko baƙo aka yi a gidan, Baba ba ya barin sa ya tafi sai ya hau da shi sama ya ga aikin 'yarsa.

Saurayin ya nufi taga. Wata babbar tukunya ta tare masa hanya, ya kama bakinta ya ja gefe.

"Kai! Wa ya ce ka ja ta?"

Ya saki da sauri. "Matsar da ita kawai na yi."

"Ba ta son a sauya mata wuri. Yanzu sai ta yi fushi ta zubar min da ganye."

"Itacen ne ke fushi?"

"Ta ma fi ni."

Ya dube ta, ya dubi itacen, ya gyara tsayuwa ya ce da tukunyar, "Ranki ya daɗe, a yi haƙuri, baƙo ne ni." Auta ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Aikin taga bai ɗauki wani lokaci ba, amma zuwan mai gilashi bai ƙare ba. Yau ya zo duba ko robar gefen gilashin ta kama, gobe ya ce sukundireba ya manta. Ita ta sa masa Mai Taga, shi kuma ya ce Sarauniyar Ganye. Ta koya masa yadda ake tura yatsa cikin ƙasar tukunya kafin a ba da ruwa, in da laima a ƙyale, domin yawan ruwa ya fi ƙishi kashe fikus. Ta nuna masa yadda take juya tukwane kaɗan-kaɗan don kowane gefe ya sami haske. Yana saurare, yana atishawa. In ta tambaya sai ya ce mura ce.

Wata safiya saƙonsa ya shigo wayarta:

"Sarauniyar Ganye, na je sa gilashi a wani banki, na ga itacenki a bakin ƙofa. Na ce da mai gadi na san wadda ta raine shi. Bai tambaye ni ba, ni dai na faɗa masa."

Ta amsa: "Ka taɓa ƙasar? Ta bushe?"

"Na taɓa. Da laima. Ni ne dai na bushe, kwana biyu ban gan ki ba."

Ta kifa wayar a cinya tana murmushi ita kaɗai. Baba da ke wucewa ya yi gyaran murya. "Tagar nan dai, Auta, kullum ba ta rasa ciwo." Ta sunkuyar da kai.

Ranar da abin ya lalace, sassabe take yi wa manyan itatuwan. Duk reshen da ta datse sai farin ruwa mai danƙo ya ɗigo daga bakin yankan. Mai Taga ya naɗe hannun riga yana kwashe rassan yana kai wa waje. Can ta ji numfashinsa yana wani ƙugi. Ya ce ya tuna wani aiki, ya sauka da sauri ko sallama bai yi wa Baba ba.

Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke. In ta kira ba ya ɗauka, sai dai saƙo: "Ina nan lafiya, aiki ne ya yi yawa." Ana cikin haka yayarta ta zo gida, ta ja ta gefe.

"Auta, ba gulma na zo yi ba. Na ga mutumin naki a mota da wata mai fararen kaya, nas ce da gani. Ita ke tuƙi, har tana gyara masa wuyan riga."

Auta ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta hau sama ta rubuta:

"Ba sai ka wahalar da kanka da ƙarya ba. Tagar ta yi kyau, mun gode. Allah ya ba da sa'a."

Kira ya dinga shigowa, ta ƙi ɗauka.

Washegari da hantsi wata dattijuwa ta yi sallama a gidan. Ta gaisa da Baba, ta ce ita ce mahaifiyar mai gilashi, kuma 'yarsa take son gani a ɗakin aikinta. Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Umma ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon itatuwan.

"To, su ne waɗannan," in ji ta. "Yarinya, kin san ɗana yana da asma?"

Auta ta ɗago kai. "Mura ya ce min, Umma."

"Mura! Daga gidan nan asibiti ya wuce, a kan gado ya kwana ana sa masa iska. Likita ya ce farin ruwan itacen nan ne, da ƙurar da ke kwanciya a ganyensa. Wadda ke kai shi asibiti tana dawo da shi 'yar ƙawata ce, nas, ba zan ɓoye miki ba, ita na so masa tun da. Shi kuma ya kafe sai ke." Ta dubi Auta ido cikin ido. "Tun yana goye nake zama a kansa ina sauraron ƙirjinsa. Ban raine shi don itace ya ƙwace min shi ba. Ban ƙi ki ba, amma ki zaɓa. Ko ki rabu da su, ko ki rabu min da ɗana."

Bayan ta tafi, Auta ta zauna a tsakiyar tukwanen, hawaye na zuba. Wasu daga cikin itatuwan nan tun suna 'yan rassa a cikin kofin ruwa ta fara da su. Ta tuna shi yana kwasar rassa da hannu tsirara yana mata murmushi, sai kukan ya ƙaru. Ta ɗauki waya ta kira.

"Don me ka ɓoye min?"

Muryarsa a dishe. "Na ji tsoro ki ce kada in ƙara zuwa."

"Sai ka zaɓi ka mutu a ɗakina?"

"Ba mutuwa zan yi ba, Sarauniya."

"Zan sayar da su duka."

"Wallahi ba za ki sayar ba." Ya yi tari, ya ci gaba. "Duk inda na shiga a garin nan na ga itacenki, ƙirjina har buɗewa yake don alfahari, ko da kuwa yana toshewa daga baya. Wannan yarinyar na gani na ce ina so. In kika zubar da aikinki saboda ni, da wane ido zan dube ki?"

Ta ajiye wayar. Baba ne ya warware mata matsalar da ta sauko idanu a kumbure. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Ke, wa ya ce miki amarya da wurin aikinta take tarewa? Ɗakin nan naki ne muddin ina raye. Ki riƙa zuwa da safe kamar kowace ma'aikaciya, ki koma gidanki da yamma. Amma fa ki fara jin bakin likita, ba nawa ba."

Ranar komawarsa asibiti Auta ta riga su zuwa. Umma ta gan ta a benci ta kau da kai. Da aka kira shi, Auta ta nemi izini ta bi su ciki, ta dinga jero wa likita tambayoyi. In ta yi aiki ta sauya kaya a can, ta yi wanka kafin ta dawo gida, ya isa? Mayafinta fa? Motar da take ɗaukar tukwane fa? Likita ya ce in dai ba a ajiye itacen a gidan da yake kwana ba, bai kuma shiga ɗakin ko motar ba, yana shan maganinsa, to ana sa ran ba za a sami matsala ba, amma za a ci gaba da duba shi.

A waje nas ɗin ta tare ta. Kyakkyawa ce, mai fara'a. "Ke ce Sarauniyar Ganye? Ko da abin iska a hancinsa sunanki yake kira. Ni kam tun ranar na cire rai." Kunya ta kama Auta, ta riƙe hannunta ta yi mata godiya.

Bayan kwanaki Umma ta ce ɗanta ya raka ta gidan su Auta, za ta yi magana da Baba. Suna zaune a falo, Mai Taga ya saci jiki ya nufi matakala. Auta na fitowa daga sama ta gan shi ya kai rabi.

"Tsaya nan!"

"Leƙawa kawai zan yi, daga bakin ƙofa."

"Sauka."

"Haba Sarauniya, tagar da na sa da hannuna..."

"Ka sauka na ce. Ƙafarka ta gama hawa benen nan. In ka ƙara taku ɗaya, ni da kaina zan ce da Baba na fasa auren."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta. Ya juya ya sauko sumui-sumui. Ashe Umma na tsaye a ƙofar falo. Ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Yaron da tun yana rarrafe ban taɓa cewa bari ya bari ba." Ta juya wurin Baba. "Ni da na zo in ce a dakata da maganar auren. To na janye. A ba ni ita."

Auta ta ruga sama da gudu don kunya. Da yamma saƙo ya shigo:

"Kin kunyata ni a gaban Umma, kuma ban taɓa jin daɗin kunya irin ta yau ba. Matata."

"Saura dai. Ka sha maganinka?"

"Na sha, ranki ya daɗe."

Aka sa rana. Kafin bikin ya turo abokan aikinsa suka sa ƙofar gilashi a ƙasan matakala, ya miƙa wa Auta mukullin a gaban iyayen duka biyu, ya ce ta ajiye, shi bai yarda da kansa ba.

Ranar biki zauren ya cika maƙil. Manajojin otal da ma'aikatan banki da take yi wa hidima duk sun zo. Baba sai kai-komo yake yana nuna ango ga abokansa. Wata ƙawar Umma ta dubi zauren ta taɓe baki.

"An ce amaryar itatuwan ado take sayarwa, amma ko ganye ɗaya ban gani ba."

Umma ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda na nesa ma za su ji. "Ita ta hana a shigo da su, saboda ƙirjin mijinta. In itatuwanta kike son gani, ki shiga duk wani babban ofis a garin nan, za ki tarar da su a tsaye. 'Yata ce ta raine su da hannunta."

Auta na jin ta daga inda take zaune. 'Yata, ba surukata ba. Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗigo a bayan hannunta. Ango ya matso ya raɗa mata, "Yau kuma ke ce da mura?" Ta ɗan taka masa ƙafa.

Da aka zo sallama, suka durƙusa gaban iyaye. Baba ya yi musu addu'a. Umma ta kama hannun Auta ta haɗa da na ɗanta.

"Na daɗe ina gadin yaron nan ni kaɗai. Yau na sami wadda ta fi ni iyawa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku lafiya da zuri'a ta gari, ya ƙara buɗa miki sana'arki."

Zauren ya amsa da amin. Auta ta ƙara riƙe hannun mijinta, suka miƙe tare.