Fitilar Furen Hajiya Kellu

Insifekta Zakariya'u ya so ya yi dariya da aka ce masa ampul ɗaya, wato ƙwan fitila, aka sace a unguwar Birni. Da ya ga idon Hajiya Kellu da aka yi wa satar, sai dariyar ta koma ciki.

A ƙuryar ɗakinta tukunya guda ce, da furen okid da marigayiya 'yarta Rahama ta kawo daga Abijan. Ranar Damagaram ƙona shi take, duhu kuma ya kashe shi. Shekara uku yana rayuwa ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske marar zafi.

"Ɗana, ita kaɗai ta karɓe shi," in ji Hajiya. "Dubi abin da aka sa mini."

Ampul ne ja mai zafi, har ya babbake ganye biyu. Wane irin ɓarawo ne zai ɗauke fitila ya maye gurbinta? Wannan kunya gare shi.

"Wa ya ɗaura ta fari?"

"Sha'ibu mai gyaran lantarki."

Insifekta ya sami Sha'ibu a rumfarsa, ido ja wur.

"Rabona da gidan Hajiya tun Sallah, ranka ya daɗe."

"Na ji an yi maka haihuwa. Mu je in yi barka."

Sha'ibu ya bi shi kamar an zare masa laka.

Tun daga zaure aka hango shuɗin haske a ɗakin maijego. Jaririya ce kwance ƙarƙashin fitilar, idonta rawaya, ko kuka ba ta iyawa.

"Shawara ce," Sha'ibu ya fashe da kuka. "Na taɓa gyaran waya a asibiti, na ga ana sa su ƙarƙashin shuɗiyar wuta. Na ce ai wuta wuta ce. Ni na ɗauka."

Tausayi ya kama Insifekta, haushi ma ya kama shi.

"Ta fure daban, ta mutum daban! Kwana nawa?"

"Uku."

Motar kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ta fara biyawa asibiti da uwa da 'ya, Sha'ibu na baya tsakanin 'yan sanda biyu.

Da la'asar Insifekta ya mayar wa Hajiya fitilarta. Ta saurari labarin, ta dubi furen da ya riga ya sunkuya, ta yafa mayafi.

"Wannan ya tafi," ta ce. "Kai ni wurin wadda ake iya cetowa."