Wardin Da Aka Tuge Saboda Rauda

"Kai malam, me fulawar ta yi maka kake mata wannan kisan?"

Munzali ya ɗago daga durƙuson da ya yi, almakashi a hannu. Wata budurwa ce tsaye a kansa, ta riƙe ƙugu, tana kallon rassan da ya zubar a tsakar gidan Gwaggonta a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, inda aka kira shi gyaran fulawa.

"Ba kisa ba ne," ya ce yana murmushi. "Wardi ne, mai babban fure. In ba a datse shi ba, sai ya yi ta ba da ƙanana. Ki dawo bayan wata biyu, in bai yi fure kamar tafin hannunki ba, ki ƙwace almakashin."

Sunanta Rauda, malamar firamare ce daga Argungu. Ta dawo bayan wata biyun, ba ta ƙwace almakashi ba, lambar wayarsa ta karɓa.

Shi ma ɗan Argungu ne. Da ya gama karatun aikin gona, sai ya ɗauki fadamar da mahaifinsa ya bar masa ta hanyar Gulma, ya kafa rumfar raga saboda zafin rana, ya dasa wardi. Shekarar farko rana ta ƙone rabi, ta biyu ambaliya ta ci saura. Bai daina ba. A shekara ta huɗu yana da gindi ɗari da arba'in, ja da fari da ruwan ɗorawa. Yana kai dashe gidajen Birnin Kebbi, yana yanka fure wa masu kwalliyar biki.

Rauda ta koyi komai a bakinsa: yadda ake cire ƙananan ƙullutai a bar guda ɗaya a kara don ya yi girma, da yadda ake yanka da sassafe a tsoma cikin bokitin ruwa nan take.

"Manomina," takan rubuta masa, "ka shayar da kishiyoyina yau?"

"Na shayar da su, Raudata. Ni ne dai har yanzu da ƙishirwar ganinki."

Ranar da ya je gaban mahaifinta, Malam Sama'ila, babban manomin albasa da shinkafa, tsohon bai ko gyara zama ba.

"Mi kaka nomawa, yaro?"

"Wardi, Baba."

"Ana sa shi a miya?"

"A'a, Baba."

"To, na san ubanka. Buhun albasa yaka fiddawa daga wagga fadama har a rasa wurin ajiya, kai ka maishe ta wurin wasa. Ba ni tilasta ma ɗiyata kowa, amma ba ni ba da ita ga mai noman ƙamshi."

Akwai wani Atiku mai injin casar shinkafa, ɗan abokin Malam Sama'ila, wanda ya daɗe yana zarya Rauda na ba shi haƙuri. Wata Juma'a da la'asar ya zo zance ɗauke da jan wardi dami guda. Tana gani ta gane hannun Munzali ne, yankan karkace ne, an cire ƙayoyin tsaf.

"Wurin saurayinki na saya," in ji Atiku. "Na faɗa masa naki ne, ya ce ciniki daban, soyayya daban."

Ta juya ta shige gida. Ta ɗauki waya ta rubuta wa Munzali: "Ashe har ni kana da farashina. Allah ya ƙara kasuwa." Ta toshe lambarsa.

Mako uku Munzali yana kira ba ta shiga. Daga ƙarshe ya tsaya ƙofar makarantarsu a rana tsaka har aka tashi. Ta zo za ta wuce ya miƙa mata wayarsa.

"Karanta kawai, sai ki tafi."

Saƙon wata mata ne da ta ce tana son jan wardi don walimar sauka. Rauda ta duba lambar. Ta ƙanwar Atiku ce.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?" ta ce, idonta ya cika.

"Ta wace hanya, Rauda? Mako uku. Ko tambayata ba ki yi ba."

Ta nemi gafara, ya yafe, amma ya daɗe bai kira ta Raudata ba.

Da maganar ta kai kunnen Malam Sama'ila, ya sallami Atiku, don ba ya son ƙarya. Sai dai bai sauko ba. Ya aika wa Munzali da sharaɗi guda: ya tuge fulawa, ya dasa albasa bana, a ɗaura aure bayan girbi.

"Kada ka yarda," Rauda ta rubuta masa. "Zan jira ko shekara nawa ne."

"Babanki ba ya magana biyu, kin fi ni sani."

"Wallahi in ka taɓa su ba zan yafe maka ba."

Ya ajiye wayar, ya ɗauko fartanyarsa.

Da safe ta hau mashin zuwa fadamar. Ta tarar an kwance rumfar ragar. Wardin na tsaka da fure, lokacinsa ne, amma ga shi tuli guda a gefen kwari, saiwoyi sama, furanni cikin laka. Munzali shi kaɗai da fartanya, hannayensa duk jini. Ya ƙi ɗaukar ɗan ƙwadago, ya ce ba mai tuge masa abin da ya raina sai shi.

"Shekara huɗu, Munzali!" Ta durƙusa cikin lakar tana kuka. "Ka sa duk lokacin da ka dube ni za ka tuna abin da na ci maka."

"Zan tuna," ya ce a hankali. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da na rasa ki, su ɗin ma ba zan iya kallonsu ba."

Albasar ta yi kyau, kyau har na ban haushi. Malam Sama'ila ya riƙa yawo majalisa yana cewa shi ya mai da yaron mutum. Munzali kuwa ya rame. Masu gidajen Gesse suka gaji da kira suka bari.

Aka ɗaura aure a Argungu bayan sallar Azahar, ranar Asabar. Wurin walima, mai kwalliya ta cika bayan kujerun ango da amarya da fulawar roba daga kasuwa, don a duk yankin mai ba ta ta gaskiya mutum ɗaya ne, shi kuwa ga shi zaune cikin babbar riga. Wata baƙuwa ta shafa ɗaya ta ce, "Kai, waɗannan sun fi, ba sa bushewa." Munzali ya sunkuyar da kai.

Malam Sama'ila ya kira su kafin a tafi da amarya. Ya dubi surukinsa ya daɗe.

"Ka yi abin da ban zaci ka iyawa ba. Na ba ka amana. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ɗayyiba, shi hana shaiɗan shiga tsakaninku."

"Amin, Baba," suka ce tare. Rauda ba ta ɗago ta kalli mahaifinta ba.

Washegari da hantsi, bayan 'yan rakiya sun watse, Munzali ya fito ya same ta tsaye a tsakar sabon gidansu da lallenta, tana auna ƙasa da taku daga rijiya zuwa katanga.

"Me kike yi, amarya?"

"Sharaɗin Baba a kan fadama ne," ta ce. "Nan gidan mijina ne. Gindi goma sha biyu zai ɗauka."

Ya jingina da bango. "Kafin su kai waɗancan, sai an shekara huɗu, Raudata."

Ta zo ta kama hannunsa.

"To ina za ni?"

Allah ya bar su tare, ya mayar musu da abin da suka rasa.